Magatakardan da Ya Kasa Tsorata Kowa: Yadda Wani Teburin Wasa Ya Gyara Mugun Labarinsa

Teburin da mutanensa

Mu shida muke haɗuwa duk Lahadi da yamma a falon wani abokin karatunmu, a wani garin jami'a da ke arewacin Ingila. Wasan Dungeons & Dragons muke yi, bugu na biyar da ya fito a 2014. Ga wanda bai taɓa gani ba, wasa ne na labari da baki. Mutum ɗaya ke jan ragamar labarin, shi ke faɗin abin da ke gabanku, shi ke magana da bakin sarki da ɗan kasuwa da dodo. Sauran kowa yana riƙe da jarumi ɗaya da aka rubuta ƙarfinsa da rauninsa a takarda. Idan aka zo wurin shakka, ko takobi zai samu ko zai kuskure, sai a jefa dayis, irin ƙwayar ludo amma mai fuska ashirin, a haɗa abin da ya fito da lambar da ke takarda. Ba a sa kuɗi, kuma ba wanda ke cin wani, domin duk 'yan wasan ɓangare ɗaya suke.

Mun fara a watan Oktoba, jarumanmu suna mataki na 3 (ma'aunin ƙarfin jarumi ne, yana hawa yayin da wasa ke tafiya). Akwai barde mai takobi, maharbiya, maroƙi, mai magani wanda ni nake riƙe da shi, sai matsafiya, wadda wata ƙanwata a zumunci take riƙe da ita, 'yar ƙasarmu da ta zo karatun digiri na biyu. Jagoran wasan mutum ne mai haƙuri da shiri. Yakan zo da taswira da ya zana da hannunsa, kuma a zama goma sha ɗaya na farko ba wanda ya yi ƙorafi a kansa.

Labarin yana gudana ne a wani garin masu haƙar ma'adinai mai ganuwa da ƙofa biyu. Tun zama na biyu ake ta jin sunan wani da ake kira Magatakarda: talakawa suna rage murya idan za su ambace shi, ana samun takardun bashi masu hatiminsa a gidajen da aka ƙaurace wa. Shi ne babban mugun da jagoran ya tanada.

A nan sai an ɗan yi bayani. Turanci yana da kalmomi biyu, demon da devil, waɗanda Bahaushe zai haɗa su duka ya ce shaiɗanu, amma wasan ya raba su gida biyu. Na farkon 'yan ɓarna ne tsantsa, ba doka ba alkawari, daga wani rami marar iyaka da ake kira Abis suke fitowa. Na biyun 'yan tsari ne, masu muƙamai da na sama da na ƙasa, mazauna wani wuri mai hawa tara, kuma da yarjejeniya suke kama mutum. Gidajen biyu suna yaƙar juna yaƙin da ba ya ƙarewa. Duk wannan ƙirƙira ce ta masu rubuta wasan, ba ta da alaƙa da abin da addini ya faɗa. Magatakarda daga gida na biyu yake, daga irin da littafin dodanni na 2014 ya kwatanta da dogon ƙwarangwal mai busasshiyar fata, da fukafukai, da jela irin ta kunama. Makin ransa, wato yawan raunin da zai iya ɗauka kafin ya mutu, 142 ne. Wuta ba ta cin sa, dafi ba ya kama shi, makamin da ba na sihiri ba kuma rabin rauni yake yi masa sai idan an shafa masa azurfa.

Janairu, zama na 12: ranar da abin ya fara

Jarumanmu sun kai mataki na 7 lokacin da jagoran ya fito da shi. Ya rage hasken falon, ya kwatanta yadda Magatakarda yake zaune a bayan tebur cikin wani tsohon ɗakin ajiya, yana juya shafukan wani ƙaton littafi da farcensa, yana magana cikin kawunanmu ba tare da ya buɗe baki ba. Mun yi tsit. Daga baya ya gaya mana cewa ya yi mako biyu yana shirya jawabin da mugun zai yi.

Bai kai rabin jawabin ba barde ya zare takobi. Aka jefa dayis na tantance wanda zai fara, matsafiya ta zo ta farko. A mataki na 7 ne masu sihiri ke samun damar sihirin kora, kuma ta zaɓe shi a makon da ya gabata. Dokarsa a fili take: wanda aka jefa wa zai yi jifan tsira, idan ya faɗi sai ya ɓace. In asalinsa ba ɗan wannan duniyar ba ne, gidansu yake komawa, kuma idan mai sihirin ta riƙe hankalinta a kai har minti ɗaya, wato zagaye goma na faɗa (a kowane zagaye kowa yana samun damarsa sau ɗaya), ba ya dawowa.

Lambar da Magatakarda zai kai ita ce 15, yana da ƙarin 7, ke nan dayis ya nuna 8 ko sama ya tsira. Irinsa kuma suna da juriyar sihiri, ana jefa musu dayis biyu a ɗauki babba. Da lissafi, sau ɗaya cikin takwas ne kawai zai faɗi. Jagoran ya jefa a gaban kowa, ɗaya ya nuna 3, ɗaya ya nuna 6.

Shi ke nan. Ba kowa a ɗakin da zai taɓa matsafiya ya katse mata hankali, domin mugun shi kaɗai ya zo. Muka ƙirga zagaye goma da baki. Abin da aka yi wata uku ana ginawa bai ɗauki minti biyar ba. Mun yi murna a daren, har da tafi. Jagoran ya yi murmushi, ya naɗe taswirarsa, muka tashi awa biyu kafin lokaci.

Fabrairu, zama na 15: ƙara masa ƙarfi

Korar ba kisa ba ce, don haka dawowarsa ta wata hanya ba ta saɓa wa doka ba. Kafin ya dawo mun yi shiri. Wani tsohon mai gadin ɗakin karatu a cikin labarin ya gaya mana sirrin azurfa, barde ya biya zinare 100, kuɗin da littafin 'yan wasa ya yanka, aka shafa wa takobinsa. Maharbiya ta biya wani 100 na kibiya goma.

Abin da ba mu sani ba shi ne jagoran ya zauna ya sake rubuta takardar mugun. Ya ɗaga makin ransa daga 142 zuwa 250. Ya ba shi damar nan da littafin ke ba manyan dodanni, ta mayar da faɗuwar jifan tsira ta zama nasara har sau uku a rana. Ya kuma share layin azurfa gaba ɗaya. Sannan ya ɗauko wata doka ta zaɓi da ke littafin, wadda ta ba irin wannan mugun damar kiran ƙananansa masu ƙaya da fukafukai, adadinsu gwargwadon dayis biyu masu fuska shida. Littafin ya ce kiran yana ci ne kashi 40 cikin 100. Shi ya mayar da shi tabbas. Dayis ya ba da tara.

Ina tuna fuskar mai riƙe da barde lokacin da saransa na farko ya samu. Ya ƙirga rauni 14, ya faɗa da ƙarfi yana ɗaga kai. Jagoran ya rubuta 7 a bayan katangar kwalin da yake ɓoye takardunsa, ya ce takobin ya zame a kan ƙashi kamar bai ji ba. Barde ya tambaya ko an manta da azurfar. Aka ce masa wannan ya fi ƙarfin azurfa. Ya ajiye fensirinsa, bai ƙara tambayar komai ba a ranar.

Matsafiya ta jefa kora sau ɗaya, mugun ya faɗi, jagoran ya ce ya ƙi faɗuwa. Sauran sihirinta na wuta ne, wuta kuma ba ta cin sa. Da abokan gaba goma a fili, kowane zagaye yana cin kusan minti ashirin da biyar, kuma mafi yawan lokacin jagoran ne ke jefa wa kansa dayis muna kallo. An yi zagaye bakwai cikin awa uku. Da makin ran mugun ya kusa ƙarewa, sai aka ce ya narke cikin hayaƙi ya tsere, ikon da babu shi a takardarsa ta asali. Maharbiya ta tambaya me zai faru da mun kashe shi. Jagoran ya faɗi gaskiyar abin da littafi ya ce: irinsa idan ya mutu a wajen gidansu, nan take yake sake haɗuwa a can da cikakken ƙarfinsa, sai a gidansu ne kisa ke zama kisa. Ta ce to me muka yi awa uku muna yi?

Mai riƙe da barde bai zo zama biyu na gaba ba. Ya ce aiki ne ya yi masa yawa.

Maris, zama na 17 zuwa 19: yarjejeniyar baka

Jagoran ya fahimci cewa faɗa bai yi ba, sai ya koma kan abin da aka san irin wannan mugun da shi, wato ciniki. A zama na 17 maharbiya ta faɗa ramin ma'adinai ta mutu, ni kuma mai magani ban kai wurinta cikin minti ɗayan da sihirina na tayar da mamaci ke buƙata ba. Magatakarda ya bayyana ga maroƙi shi kaɗai, ya ce zai dawo da ita idan zai yi masa wata 'yar alfarma nan gaba. Maroƙi ya tambayi irin alfarmar, aka ce masa ba abin da zai fi ƙarfinsa. Ya amsa da baki, aka wuce. Ba abin da aka rubuta.

A zama na 19 jagoran ya sanar cewa alfarmar ita ce ran maroƙi, cewa tun ranar da ya ce ya yarda ruhinsa ya zama mallakin Magatakarda, kuma daga yanzu mugun zai iya ba shi umarni sau ɗaya a kowane zama. Mai riƙe da maroƙi ya ce ba haka aka yi ba. Jagoran ya ce ai haka irinsu suke, yaudara ce sana'arsu. Suka yi ta ja. Ba wanda zai iya kawo kalmomin da aka furta mako biyu baya, kowa da abin da ya tuna. Ɗan wasan ya ce Magatakarda bai yaudari kowa ba, wanda ya yaudare shi yana zaune a kan kujera a gabansa.

Don ya gyara, jagoran ya kawo wata mafita da ta ƙara dagula lamarin. Ya ce za a iya fansar maroƙi idan kowannenmu ya ɗora hannu a littafin mugun ya furta cewa ya jinginar da wani yanki na ruhinsa. Ya miƙo wani tsohon kundi ya ce mu yi a zahiri don armashi. Ƙanwata ta janye hannunta ta sa a cinya. Ta ce ita ba za ta yi ba.

A hanyar komawa, muna jiran bas, ta ce mini: "Yaya, na san wasa ne. Amma bakina ne zai faɗa, ba bakin takarda ba." Ta ce tun farko kalmar da ake kiran mugun da ita tana ɗan taɓa ta, tana haƙuri ne saboda yaƙarsa ake yi. Ni ma abin ya tsaya mini a rai, kuma na san da ita ba ta yi magana ba da wataƙila na yi shiru.

Azumi ya kama, jarabawa ta biyo baya, aka dakatar da zama mako biyar. A rukunin WhatsApp ɗinmu ba wanda ya tambayi ranar dawowa.

Ƙarshen Afrilu: zaman da ba a jefa dayis ba

Jagoran ne ya kira mu, ya ce a zo a sha shayi kawai. Ya fara da shimfiɗa takardu biyu a tebur, takardar mugun ta littafi da wadda ya sake rubutawa, ya nuna wa barde layin azurfar da ya share, ya ba shi haƙuri. Ya ce tun daren korar nan yake jin kamar an ci masa fuska, duk abin da ya yi bayan nan ƙoƙari ne na kada a sake.

Batun suna shi ya fi sauƙin warwarewa, domin wasan kansa ya taɓa bin wannan hanyar. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da shi a 1974 ta kamfanin TSR da ke Wiskonsin a Amurka, kuma kafin ƙarshen shekarun 1970 an riga an shigar da gidajen mugayen biyu a littattafansa. A shekarun 1980 wasu iyaye da ƙungiyoyin coci a Amurka suka taso suna zargin wasan da koya wa yara bautar shaiɗan. Da aka fitar da bugu na biyu a 1989 sai kamfanin ya cire kalmomin biyu, daga baya halittun suka dawo da sababbin sunaye, baatezu ga 'yan yarjejeniya, tanar'ri ga 'yan ɓarna. Sai bayan Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, bugu na uku ya fito a 2000, tsofaffin sunayen suka koma mazauninsu sosai. Muka ɗauko waɗancan sunayen na aro muka yi amfani da su. Ƙanwata ta ce sunan ya rage, amma ba shi ne babban abin ba. Aka amince cewa a teburinmu ba za a ƙara yin cinikin ruhi ba, kuma ba za a sa kowa ya furta rantsuwa da bakinsa ba. Abin da mugun zai nema a biya shi ya zama abin da ake gani a labari: makullin ƙofa, shekarar bauta, suna, ko wani iko da za a goge daga takardar jarumi.

Sauran maganar ta fi ɗaukar lokaci. Mai riƙe da barde, wanda ke aikin wucin gadi a wani ofishin ba da hayar gidaje, shi ya kawo shawarar cewa duk yarjejeniya a rubuta ta a shafi ɗaya, a ba mu kwafi mako guda kafin mu amsa, kuma abin da ba ya cikin takardar babu shi, ko da jagoran ne yake so. Jagoran ya ɗan yi jim, ya ce to ina yaudarar? Maroƙi ya ce a sa ta cikin takardar, inda idan ta kama mu za mu iya nuna layin da yatsa. Daga nan aka ƙara cewa Magatakarda zai iya yin shiru, zai iya kauce wa tambaya, amma ba zai faɗi ƙarya ba. Takardarsa ta koma yadda take a littafi, kuma duk raunin da muka gano a cikin labari gaskiya ne.

Jagoran ya nemi abu biyu, muka ba shi. Na farko, mugun ba zai ƙara zuwa ko'ina shi kaɗai ba. Na biyu, zai zana da'ira mai yanka shida a takarda ya ajiye a tsakiyar tebur, dabarar da ya aro daga wasan Blades in the Dark na 2017. Duk lokacin da shirin mugun ya ci gaba sai ya cike yanka ɗaya a gabanmu, ba tare da ya faɗi ko mene ne shirin ba. Batun maroƙi kuma aka soke shi, aka mayar da alfarmar zuwa isar da wasiƙa guda.

Mayu zuwa Yuni, zama na 20 zuwa 27

Jagoran bai fito da Magatakarda a zama biyu na farko ba. Abin da ya turo mana daga ɗaya gidan ne. Masu haƙa sun fasa wani bango a ƙarƙashin ƙasa, wasu 'yan ɓarna masu siffar ƙaton kwaɗo suka fito, irin waɗanda warinsu kaɗai ke sa wanda ya matso taku goma jiri. Maroƙi ya gwada yi wa ɗaya magana, amsar da ya samu cizo ne. Mun kashe ɗaya da ƙyar, masu haƙa suka ce akwai wasu biyar a ƙasa. Mun san gidajen biyu ba sa ga maciji da juna. A ƙarshen zama na 21, ba tare da jagoran ya ce uffan ba, maharbiya ta ce mu je mu nemi Magatakarda.

Takardar ta iso rukuninmu ranar Litinin. Shi zai share ramin cikin kwana uku, kuma shi ko bawansa ba za su zubar da jinin ɗan gari a cikin ganuwa ba. Mu za mu buɗe ƙofar gabas dare ɗaya domin shi da duk wanda ke cikin littafinsa, kuma ba za mu ɗaga masa makami a daren ba sai idan shi ya fara saɓawa. In mu muka karya, makullin ƙofar ya zama nasa. In shi ya karya, sunansa na gaskiya zai bayyana a ƙasan takardar.

Rukunin da ya yi mako biyar shiru ya cika da saƙonni har tsakar dare. Barde ya lura ba a fayyace ma'anar dare ba, aka ƙara cewa daga faɗuwar rana zuwa fitowar alfijir. Ƙanwata ta sa aka rubuta cewa ba zai bar kowa nasa a gari bayan alfijir ba. Ranar Lahadi jagoran ya yi ciniki da mu da bakin mugun kusan awa guda, ya ba da wannan ya hana wancan. Barde ne ya sa hannu a madadin kowa, da biro, ba rantsuwa.

Ramin ya tsarkaka a kwana uku kamar yadda aka faɗa. Da'irar kuwa tana ta cika. Tana kan yanka na huɗu muka shiga gidan wani mai ba da rance a kasuwa, muka tarar duk basussukan da ke hannunsa an sayar wa Magatakarda. Iyalai arba'in ne a littafin. Sai a lokacin muka koma muka sake karanta layin: duk wanda ke cikin littafinsa. Mun ɗauka bayinsa ake nufi, masu shigowa. Ƙofa kuwa shiga da fita ake yi ta cikinta, kuma kariyar jini a cikin ganuwa ta tsaya. Zai kwashe su ne ya fita da su. Maroƙi ya dafe kai da hannu biyu. Mako guda takardar tana aljihun kowa. Ba wanda ya kalli jagoran da fushi.

Zama uku muka yi muna neman mafita. Muka zazzage duk zinaren da muka tara muka biya bashin iyalai talatin da ɗaya, mugun ya karɓa ya goge sunayensu domin ba shi da hujjar ƙi. Saura tara, kuɗi ya ƙare. Ƙanwata ce ta ga hanyar: kalmar ɗan gari. Muka je majalisar dattawan garin aka rubuta barde a cikin 'yan gari da shaidu.

A zama na 27, muna mataki na 9, ƙofa tana buɗe, barde ya ajiye takobinsa ya tsaya a tsakiyar hanya, taku ɗaya daga cikin ganuwa, ya ƙi matsawa. Jagoran ya ɗauki takardar ya karanta a hankali sau biyu. Ya ce ta ce a buɗe ƙofa, ba ta ce kada a tsaya a bakinta ba. Magatakarda ya zo da bayi uku masu gemu da dogon mashi, waɗanda littafi ya siffanta da saurin fushi da son jini. Ya umarce su da haƙuri. Maroƙi ya shiga yi musu zambo. Jagoran ya ce zai jefa wa na gaba dayis na kame kai, ya faɗi lambar da ake nema tun kafin ya jefa, ya jefa a fili. Bawan ya faɗi a jifan, ya kai wa barde sara. Da haka Magatakarda ya karya yarjejeniyar, sunansa na gaskiya ya bayyana a ƙasan takardar.

Faɗan ya ɗauki zagaye shida, awa ɗaya da minti ashirin. Azurfa ta ci. Korar farko mugun ya tsira da dayis ɗinsa biyu. Ta biyu ta kama shi, amma zagaye biyu bayan haka wani bawa ya soki matsafiya, hankalinta ya katse, ya dawo inda yake ya harbi maroƙi da jela. Maroƙi ya mutu kafin in kai gare shi, kuma ba mu da lu'ulu'un da sihirin tayarwa ke ci, domin mun sayar mun biya bashi. Barde ya gama da mugun. Littafi ya ce wanda ya san sunan gaskiya na irinsa zai iya ɗaure shi, mu kuma mun riga mun amince a zaman shayi cewa karanta sunan a kan gawarsa zai hana shi taka garin har abada. Ƙanwata ta ce a ba maharbiya ta karanta.

Abin da na gani

A ganina korar Janairu ba matsala ba ce. Sa'a ce ta ɗaya cikin takwas, ta faɗa kan mugun da aka turo ba rakiya, kuma bayi uku sun isa su gyara wannan, kamar yadda aka gani a Yuni. Ɓarnar ta fara ne ranar da aka goge layin azurfa a ɓoye. Daga nan muka daina yarda cewa abin da muka koya a cikin labarin zai yi aiki, wanda kuma ba ya tsammanin shirinsa zai yi amfani ba ya yin shiri. Makin rai 250 ya tsawaita zama ne kawai. Yarjejeniyar baka ta fi muni, domin mugu mai kama mutum da alkawari yana buƙatar alkawarin da za a iya komawa a duba.

Mun ji tsoron Magatakarda ne a makon da takardarsa take hannunmu, muna sane da cewa kowace kalma gaskiya ce kuma ɗaya daga cikinsu za ta cije mu. Wannan bai yiwu ba sai da jagoran ya ɗaure kansa da igiyar da ya ɗaure mu, ya karanta takardar a bakin ƙofa ya bar ta ta yanke hukunci a kansa. Ina ganin wannan ne abu mafi wuya da ya yi duk shekarar.

Tsarin yana da tsada. Jagoran ya ce shafi ɗayan nan ya ci masa dare uku, fiye da kowace taswira. Ba ya kuma aiki ga 'yan ɓarna, waɗanda ba abin da ke ɗaure su, kuma har muka tashi bai samo musu wata hanya ba ban da yawa da ƙarfi. Soke cinikin ruhi ya cire wani abu da littattafan wasan suka gina gidan nan a kansa, wani teburin zai ga asara ce. A namu, makullin ƙofa da iyalai arba'in sun fi nauyi, domin mun san fuskokinsu a labari.

Mai riƙe da maroƙi ya nemi a bar masa takardar ta asali mai sa hannun barde, ya naɗe ta tare da takardar jaruminsa da ya mutu. Da Satumba ta zo ya dawo da sabon jarumi, ɗan ɗaya daga cikin iyalai taran da kuɗinmu bai kai ga fansarsu ba.